Shuɗin baba da jan ƙasa, aikin hotona na wannan semistar

Litinin 4 ga Nuwamba 2024

Toh yau dai Malam ya raba mana aikin kos ɗin hoto, kuma ya ce dole kowa ya riƙa rubuta abin da yake yi saboda shi ma rubutun da makinsa, shi ya sa na buɗe wannan. Abin da ake so hoto 8 ne a takarda A3, jigon kala da siffa, kowa ya zaɓi kala biyu kacal ya tsaya a kansu, sannan a ajiye hoton asali a gefen wanda aka yi wa editin don a ga abin da hannun mutum ya taɓa. Miƙawa sai bayan hutun Disamba.

Rabin aji tun a nan suka ce adaidaita sahu za su yi, rawaya da baƙi. Ni kam shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata a nan Kano nake so, in haɗa shi da jan ƙasar ginin gargajiya. A zagayen kaloli shuɗi da ruwan goro suna fuskantar juna ne, in aka jera su kowanne sai ya ƙara fito da ɗan'uwansa, kuma ga su duk a cikin gari ba sai na je ko'ina ba. Wajen siffa, bakin ramin rini zagaye ne, zankon saman gini tsini ne, dagi kuma layi ne da ke shiga cikin juna.

Kayan aiki: wayata, laftof ɗin Yaya da batirinsa ba ya kai awa ɗaya, sai kamarar sashenmu Canon 600D da ake bi wa layi. Photoshop biya ake yi duk wata, don haka GIMP na sauke tunda kyauta ne, a waya kuma Snapseed. Na ware naira dubu 40, Allah ya sa ta isa.

Alhamis 7 ga Nuwamba

Laburare. Na kalli hotunan kitso na J.D. Okhai Ojeikere da ya fara ɗauka a 1968, duk baƙi da fari ne, yawanci daga ƙeya, bango fili babu komai sai siffar kitson kawai. Na kuma kalli na Seydou Keïta na Bamako, shi kuma akasin haka yake yi, atamfa mai zane a jiki wani yadin mai zane a baya, amma hoton bai hargitse ba. Sunana a layin kamara sai ranar 16.

Asabar 9 ga Nuwamba

Tunda kamara ba ta zo ba na ja ƙanina muka tafi Ƙofar Mata da waya, ko ba komai in ga wurin da idona in san inda rana take faɗowa. Ana cewa marinar tun 1498 take. Ramuka ne birjik a ƙasa amma da yawa sun bushe, waɗanda ake aiki a cikinsu 'yan kaɗan ne, wasu an kife musu murfi saƙaƙƙe mai tsini kamar malfa. Warin wurin kuwa sai wanda ya je, hijabina har gida yana yi.

Wani dattijo ne ya karɓe mu, na gaishe shi na ce Baba daga makaranta nake, aikin hoto aka ba mu. Ya ce to 'yata bismillah, amma ki matsa daga bakin nan kar takalminki ya zame. Ya yi mana bayanin haɗin, ruwa da baba da toka da kanwa, a bar shi ya kwana ya kwana har ya tashi, ana motsa shi da muciya doguwa. Abin da ya tsayar da ni shi ne lokacin da ya ciro farin yadi daga ramin, wallahi ba shuɗi ya fito ba, kore-kore ne mai ɗan rawaya, yana riƙe da shi a iska a gabanmu yana rikiɗa yana komawa shuɗi. Iskar ce ke kama rinin. Shi ya sa suke tsomawa su ɗaga su tsoma su ɗaga, yawan tsomin shi ne duhun kalar, ba wai a jiƙa a tafi a bari ba. Hannunsa har gwiwa shuɗi ne, farcen ma haka.

Na ɗauki bakin ramuka daga sama, kumfar da ke kan ruwan mai ɗan sheƙi ja-ja, da yadukan ɗauri da aka shanya masu zagaye cikin zagaye. Na ba da dubu 2 na ɗaukar hoto, adaidaita zuwa da dawowa mu biyu dubu 1 da 600.

Litinin 11 ga Nuwamba

Hotunan waya a kan waya kyau kamar me, da na zuba su a laftof na buɗe su da girma sai labari ya sauya. Wayar da kanta take yin nata editin kafin ma ta nuna maka, ta goge ƙwayar zaren yadin ya koma sumul, ta ƙara wa gefuna kaifi har wani farin layi ya fito a bakin ramin. Da na ɗan ja duhun ruwan ramin don kumfar ta fito sai kalar ta kakkarye, maimakon ta tafi a hankali daga duhu zuwa haske sai ga ta hawa-hawa ana ganin iyakar kowanne. Dalili, wayar a JPEG take ajiye hoto, wato matsattsen fayil, kowace kala a cikin ja da kore da shuɗi mataki 256 kawai take da shi, shi kuwa RAW na kamarar nan, wato ɗanyen fayil yadda ta ɗauko shi, 16,384 ne, in ka ja akwai abin ja. Don haka na waya sun zama na tsara wuri kawai, za su shiga littafin aiki ba za su hau bango ba.

Laraba 13 ga Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Cajin laftof a shago naira 300. Na zana yadda nake so hotuna 8 ɗin su jeru da fensir.

Asabar 16 ga Nuwamba

Kamara ta zo hannu, zuwa Litinin da safe zan mayar. Kuma sai ga hazo, mun tashi gari ya yi fari fat rana kamar ba ta fito ba. Da farko raina ya ɓaci don hasken safe mai kaifi na so, wanda zai sa zanen bango ya jefa inuwa, shi zanen gini ai inuwar ce ke fito da shi tunda tudu da kwari ne a jikin laka. Mun fara da Gidan Makama, ginin da tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yanzu gidan tarihi ne. Zankaye sun fito amma sama a bayansu ba shuɗi ba ce, fara ce ƙal, shirina na in sami jan bango da shuɗin sama a hoto ɗaya ya rushe ke nan. Na ɗauka dai, na fi mai da hankali kan kusurwa da bakin ƙofa da inda yaɓe ya tsattsage.

Amma da muka isa marina sai hazon ya zame mini alheri. Ranar farko rana tana dukan ruwan ramin tana walƙiya, rabin zagayen fari rabi baƙi. Yau haske ya bazu ko'ina daidai, shuɗin ya zauna, ana ganin kowane zare. Mun leƙa wajen masu bugu ma, suna zaune suna dukan yadi a kan gungume da manyan sanduna har ya ɗauki sheƙi, can ciki akwai duhu sai da na ƙara wa kamarar ƙarfin kama haske zuwa ISO 1600, hannuwansu duk sun fito a gurɓace saboda sauri amma ɗaya ya yi kyau a hakan.

Na sa farar takarda a cikin hoton farko na kowane wuri yadda Malam ya koya mana, don daidaita fari daga baya. Ƙura kuwa, ko lens ban yarda na cire ba, ina gamawa nake cusa kamarar cikin leda.

Kuɗin yau da na shiga da na hoto da mota da ruwa, dubu 5 da 500.

Talata 19 ga Nuwamba

GIMP ba ya buɗe RAW shi kaɗai, sai da na sauke darktable, shi ma kyauta, data ta tafi. Laftof ɗin in na taɓa abu sai na jira ya yi tunani tukuna. Na danna farar takardar nan aka daidaita, sai rawayar ƙurar da ta lulluɓe komai ta ɗauke. A hotunan marina hakan ya yi, a na bango kuwa na mayar da kaɗan daga ɗumin don in an cire duka lakar tana komawa ruwan toka marar rai.

Daga nan na shiga ƙarfin kala, kuma gaskiya abun akwai daɗi, kana ja shuɗi yana tashi yana kama ido. Na tura guda uku a guruf ɗin aji kowa yana ta turo alamar wuta.

Asabar 23 ga Nuwamba

Na koma marina don na yi wa dattijon nan alƙawarin zan nuna masa. Na miƙa masa wayar, ya goge hannu a riga ya riƙe ta da nisa ya daɗe yana kallo, sai ya ce 'yata wannan a ina kika ɗauka. Na ce Baba ai raminka ne, ga muciyarka ma a gefe. Ya ce ramin nawa ne amma rinin ba nawa ba ne, wannan na kemikal ne irin na gwangwani, baba ba ya ihu haka. Ya kira wani yaro ya ɗauko yadin da aka gama ya shimfiɗa a cinyarsa ya ɗora wayar a kai. Kai, bambancin ba kaɗan ba. Nasa duhu ne mai nauyi, in ka karkata shi wajen haske yana ɗan komawa ja-ja, a inuwa kuma kusan baƙi, nawa kuwa kala ɗaya ce shar daga wannan gefe zuwa wancan irin ta robar ruwa. Sauran marinan suka taso suna leƙe, wani ya ce a bar ta mana ai nata ya fi kyau a waya, dattijon ya ce kyau daban rini daban.

Abin da na fahimta a tsaye a wurin, jan ƙarfin kala yana tattara duk shuɗayen da ke cikin yadin ya mai da su ɗaya. Yadin da aka tsoma sau da yawa ba kala ɗaya gare shi ba, bakin ɗauri inda rini ya ɗan ratsa haske ne, tsakiya duhu, inda aka buga da sheƙi. Su ne aikin, kuma su editin ɗin ya fara cinyewa. Ga kuma ita kanta wayar, sikirin ɗinta a kan tsarin da ke ƙara wa kala ƙarfi take tun daga kamfani, na shiga setin na mayar da ita na asali a nan take.

Na sayi ƙyalle ɗaya ƙarami na ɗauri dubu 4, bai cikin lissafi amma daga yau shi ne ma'aunina, zai zauna a gefen laftof.

Talata 26 ga Nuwamba

Duba aiki a aji. Na nuna kala biyun, mai ihu da wanda na sake yi da ƙyallen a gabana, na kuma ba da labarin dattijon. Aji ya rabu, wasu suka ce ai kos ɗin na editin ne ba na labarai ba, in ana son gaskiya a je a kalli ramin. Malam ya ce duka biyun halal ne amma ki san wanne kike yi, in za ki sauya kala ki sauya ta yadda kowa zai san da gangan ne, in za ki riƙe ta ki riƙe ta sosai, na tsakiyar nan shi ne matsala, wanda ya yi kama da gaskiya alhali ba ita ba ce. Ya kuma ce siffa ta yi ƙasa a aikina, duk hankalina ya tafi kan shuɗi, kuma hotunan bango da na marina kamar na mutum biyu ne ba abin da ya ɗaure su.

Na yanke shawara: guda 4 kala ta gaskiya, guda 4 kuma in tafi da su can nesa, siffa zalla.

Alhamis 28 ga Nuwamba

Yau na ji daɗin aiki. A GIMP akwai abin da ke mai da hoto baƙi da fari tsantsa babu ruwan toka a tsakani, kai ne za ka zaɓi inda iyakar za ta tsaya. Na sa wa hoton ramuka daga sama, duk takalma da leda da ƙasa suka ɓace sai zagaye-zagaye kawai manya da ƙanana. Na sa wa zanko, farar saman nan ta hazo da na yi ta ƙorafi a kanta ita ta sa ya yanku tsaf ba sai na bi gefensa da hannu ba. Sai na ɗora su leya kan leya, na cika baƙin ramuka da shuɗin da na tsinko daga hoton ƙyallen, na cika zanko da jan da na tsinko daga bangon Gidan Makama. Ba kalar da na ƙirƙira, duk daga cikin hotunan suke. Yanzu zagaye da tsini suna hoto ɗaya, ɗaurin da Malam ke nema ke nan ina jin.

Na gwada wanda ke rage kala zuwa mataki 3 ko 4 a kan yadin ɗauri, a 3 ya yi kyau, a 6 ya koma kamar hoton da ya lalace.

Umma ta leƙo ta ce wannan ai faifai ne. Na duba kuma haka ne, don haka gobe zan ɗauki faifanta da murfin kwanukan jerenta in gani ko za su shiga.

Asabar 30 ga Nuwamba

Faifai ya shiga, kwanuka ba su shiga ba, furanninsu sun kawo kore da ruwan hoda. Biki a gidan Gwaggo, ban yi komai ba bayan haka.

Talata 3 ga Disamba

Gwajin firintin, kuma ranar nan ta ba ni ciwon kai. Na kai guda biyu wani shago a yi mini a A4 tukuna kafin in zuba kuɗin A3. Yaron shagon ya ce in turo ta WhatsApp, na ce a'a ga filashi, ya ce ba sa sa filashin mutane saboda bairos, toh na tura amma a matsayin dokumen, don in ka tura a matsayin hoto matse shi yake yi ya rage girman. Takarda ta fito, shuɗina ya koma shunayya, irin ta jikin gauta baƙa, jan ƙasa kuma ya yi duhu ya koma ruwan hanta, cikin ramin da nake ganin kumfa a laftof ya zama baƙi ƙirin babu komai. Na ce Malam wannan ba kalata ba ce, ya ce Hajiya abin da kika turo shi inji ya buga. Dubu 2 ta tafi.

Na dawo na zauna na bi abun. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi. Injin shagon kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK, kuma babu shuɗi a cikinsu, sai ya haɗa mai ruwan bula da mai ruwan hoda ya samar da shi, in mai ruwan hodar ta kusa kamo ɗayar a yawa sai ya zarce shunayya. Masu aikin ɗab'i suna barin tazarar kamar kashi 30 tsakaninsu saboda haka. Kuma baba dama a bakin iyakar yake tunda da ɗan ja a cikinsa, kaɗan ya ishe shi ya tsallaka. Duhun kuma daga hasken laftof ne, a ƙarshe yake kullum saboda ɗakinmu da haske, takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta.

Alhamis 5 ga Disamba

Wata 'yar ajinmu ta kai ni wajen masu wanke hoton biki, su a takardar hoto suke yi kuma fayil ɗin sRGB, wato mai tsarin kalar sikirin, suke karɓa yadda yake. Mai wurin ya ba ni shawarar da ta fi duk abin da na karanta, ya ce kar ki buga hoto guda, ki yanko wuri ɗaya ki jera shi sau 6 a takarda ɗaya kowanne da ɗan bambanci ki rubuta lamba a ƙasa. Haka na yi, na riƙa karkata shuɗin kaɗan-kaɗan zuwa ɓangaren kore ina ƙara haske. Dubu 1 da 500. Na fito da takardar waje na ɗora ƙyallen a kai a inuwar bishiya, don fitilar shagon ma tana sauya kala, lamba 4 ce ta yi daidai. A laftof lamba 4 ɗin nan ba ta da kyau ko kaɗan, ta koɗe ta yi haske, da sikirin zan bi ba zan taɓa zaɓenta ba.

Asabar 7 ga Disamba

Na rage hasken laftof zuwa ƙasa da rabi, na sa gyaran lamba 4 a duk hotunan marina. Na kuma yi lissafin girma, A3 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, yana son fiksel 4961 da 3508, kamarar tana ba da 5184 da 3456, wato ko ban yanke komai ba saura kaɗan ya kai. Guda biyu na yanke su sosai, na hannun masu bugu da na kumfa, su sai dai in bar musu farin gefe mai faɗi su zauna a tsakiya. Na ga ma hakan ya fi, duka 8 ɗin zan yi musu murabba'i da gefe, zagaye ya fi zama a murabba'i.

Talata 10 ga Disamba

Wuta ta zo da dare, na gama na 6 da na 7.

Alhamis 12 ga Disamba

Lissafi zuwa yau: marina da Gidan Makama da mota dubu 10 da 700, ƙyalle dubu 4, gwajin firintin dubu 3 da 500, data da caji wajen dubu 5. Jimilla dubu 23 da ɗoriya. A3 a wajen masu wanke hoton dubu 3 ne kowanne, guda 8 dubu 24, ga kwalin mannawa ban ma tambaya ba, wato dubu 40 ɗin ba za ta kai ba, sai na yi wa Yaya magana. Hotunan asali da za a ajiye a gefe ƙanana zan yi su duka a takarda ɗaya.

Saura na 8. Jan ƙasar har yanzu ban gwada shi yadda na gwada shuɗi ba, don haka Litinin zan yi masa tasa takardar mai lambobi 1 zuwa 6, in tafi da ita jikin bangon in gwada a can tunda shi ba a sayo ƙyallensa. Na sa suna a layin kamara na ranar 21, in hazo ya ɗaga ina son zanen dagi guda ɗaya da inuwa mai kaifi, da misalin ƙarfe 8 na safe kafin rana ta hau, in bai ɗaga ba faifan Umma zai cike gurbin. In an buga A3 kuma na ramin zan fara kai wa dattijon ya duba kafin in manna shi a kwali, in ya ce ba rininsa ba ne akwai sauran lokacin sakewa kafin a dawo hutu.